Ɗan Gaban Da Ake Ɗaukowa Don Ya Hana Ci

A watan Yunin 2014 ƙungiyar Philadelphia Flyers, mai buga hoki (ƙwallon gora ta kan ƙanƙara) a NHL, babbar gasar Arewacin Amurka, ta fitar da wata gajeriyar sanarwa, cewa ta ɗauki wani ɗan wasan gaba Bafaranshe, Pierre-Édouard Bellemare, daga ƙungiyar Skellefteå ta ƙasar Suwidin, a kan kwantiragin shekara ɗaya. Shekarunsa 29 a lokacin. Babu ƙungiyar NHL ko ɗaya da ta taɓa kiran sunansa a zaɓen matasan da ake yi duk shekara, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya a Arewacin Amurka ba, ga shi kuma ɗan ƙasar da in ana jero manyan ƙasashen ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ba a yawan tunawa da ita. Irin sanarwar nan ce da ake karantawa a wuce. Mutumin nan sai da ya yi kaka goma cur a NHL, ya kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakaran gasar, har sau biyu.

Ni kuwa irin wannan sanarwa ce take tsayar da ni. Duk ranar 1 ga Yuli, ranar da ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, idon kowa yana kan wanda aka ba shekara bakwai da tulin miliyoyin daloli. Nawa idon yana can ƙasan shafi, wajen 'yan layukan da ke cewa an ɗauko wane daga Suwidin ko Finlan ko Suwizalan, ɗan gaba ne mai kula da baya, zai taimaka a lokacin hukunci. Yawancin 'yan kallo cike gurbi suke ɗaukarsa. Ni a nan nake auna manajan ƙungiya. Kowa zai iya gane mai cin ƙwallo 40 a kaka, ko makaho ya ji labarinsa. Gano mutumin da zai hana a ci ka, a wata gasa mai nisa, a fili mai wani faɗi daban, wannan sai wanda ya zauna ya yi kallo da idon basira.

Ga wanda bai saba da hoki ba, bari in ɗan shimfiɗa yadda abin yake. Kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Sai dai gudun da ake yi a kan takalmin zamiya ba ya barin mutum ya wuce daƙiƙa 40 zuwa 50 kafin numfashi ya gagare shi, don haka ana ta canji ne wasa na tafiya, waɗannan su tsallako katanga su shigo, waɗancan su fice. Ƙungiya kan zo da 'yan gaba 12, a kasa su sahu huɗu. Sahun farko da na biyu su ne masu cin ƙwallo, su ne kuma masu cin albashi. Na uku da na huɗu su ake turawa su riƙe wasa kada ya zube kafin manya su huta. A cikin minti 60 na wasa, tauraro kan yi minti 20 a fili, mutumin sahu na huɗu kuwa 12 ko 13, in ya yi sa'a. Amma dubi waɗanne mintuna ne ake ba shi.

Ɗauki minti biyun hukunci. Ɗan wasanku ya maƙale ƙafar abokin hamayya da sanda, alƙali ya ɗaga hannu, an tura shi akwatin hukunci, kun koma ku huɗu a gaban mutum biyar, ban da gololi. A wannan lokaci koci ba ya neman tauraronsa, kafaɗar mutumin sahu na huɗu yake dafawa. Za a fara da sakin faifai, wato abin da ake bugawa a madadin ƙwallo, a da'irar da ke dab da ragarku. Shi ne zai sunkuya, ƙafafu a ware, hannu ɗaya can ƙasan sanda, idonsa a kan hannun alƙali ba a fuskar abokin karawa ba. In ya riga jan faifan baya, ɗan bayanku ya maka shi can ƙarshen fili, to daƙiƙa 20 sun salwanta wa masu rinjaye, don dole su koma su ɗauko shi, kuma doka ta yarda wa waɗanda aka rage wa mutum su yi irin wannan jifa. In ya rasa, to aiki ya same shi. Su biyar za su baje suna miƙa wa juna faifai daga gefe zuwa gefe, suna neman ɓaraka. Shi ba faifan yake bi ba, hanyar da faifan zai bi yake tarewa: sanda a shimfiɗe a kan ƙanƙara ta hagu, jiki ya toshe dama, taku biyu gaba, taku biyu baya, kai na juyawa don ya san wanda ya zagayo bayansa. Can sai mai bugun nesa ya ɗaga sanda sama. Faifan nan roba ce mai tauri, a daskare ake kawo shi, nauyinsa wajen giram 170, kuma in ƙaƙƙarfa ya doka shi gudunsa kan haura kilomita 150 a awa. Mutuminmu sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a gabansa, da gangan. Ka ji ƙarar, ka ga ya miƙe yana ɗingishi, amma ba zai fita ba sai faifai ya bar yankinsu, don in ya juya baya a lokacin an koma uku a gaban biyar ke nan.

Minti biyu su cika, ba a ci ba. A takardar sakamako babu inda za ka ga sunansa. A NHL kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan dama ce ake mayarwa ƙwallo, kuma wasanni da yawa da ratar ƙwallo ɗaya ake tashi, don haka ƙungiyar da ke da mutum biyu ko uku masu iya wannan aiki tana tara maki ne a ɓoye, daga Oktoba har Afrilu.

Akwai wasu ƙananan dokoki biyu da ke ƙara masa daraja. Mai masaukin baƙi shi ke da canjin ƙarshe, wato sai ya ga waɗanda baƙo ya sako kafin ya zaɓi nasa, don haka koci mai irin wannan ɗan wasa zai iya liƙa shi a jikin tauraron baƙi tun daga farko har a tashi. Sannan tun 2005, ƙungiyar da ta jefa faifai daga rabinta har ya wuce ƙarshen fili ba tare da hukunci a kanta ba, ba a barinta ta yi canji. A dawo da faifai gaban ragarta, ga mutanenta a gajiye suna haki, ga sababbin jini an sako musu. A nan wanda ya iya cin sakin faifai ya fi mai iya yanka daraja. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun ga makamancin wannan a 2003, lokacin da Real Madrid ta bar Claude Makélélé ya tafi Chelsea tana ganin ai ba ya cin ƙwallo, ta kuwa zauna har 2007 ba ta sake ɗaukar La Liga ba.

To me ya sa sai an haye teku? Amsar farko kuɗi ce. Bayan rikicin da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta, NHL ta kafa iyakar albashi, ta fara da dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya. A kakar da Bellemare ya zo iyakar ta kai miliyan 69, mafi ƙarancin albashin ɗan wasa kuma dala 550,000. In taurarinka biyar ko shida sun lashe rabin kuɗin, sauran mutum goma sha wani abu dole su rarraba ragowa. Ɗan gaba mai tsaro wanda ya riga ya yi suna a NHL, in ya fito kasuwa, miliyan biyu ko uku zai nema, kuma na shekaru da yawa, alhali jikin da ya sha faifai da katanga ba ya daɗewa. Na Turai kuwa shekara ɗaya zai sa hannu, a kan kuɗi kusa da mafi ƙaranci. Ba ka ba da kowa a musaya ba, ba ka ɓatar da gurbinka na zaɓen matasa ba. Ga shi ba yaro ba ne da za a raina shekara uku: magidanci ne da ya buga ɗaruruwan wasanni da manya, ya san yadda ake riƙe rinjayen ƙwallo ɗaya a minti biyar na ƙarshe.

Amsa ta biyu tarbiyyar fili ce. Filin NHL faɗinsa mita 26, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Suwidin da Suwizalan kuwa mita 30. Mita huɗu ba wani abu ba ne a baki, amma a kan ƙanƙara duniya ce guda. A fili mai faɗi, in ka ruga ka bangaji mutum a katanga ka kuskure shi, ka bar rami a bayanka wanda ba mai cike maka. Shi ya sa ƙungiyoyin can ke koya wa ɗan gaba tun yana ƙarami ya san wurin tsayuwarsa, ya riƙe tsakiya, ya kora abokin hamayya gefe inda bugu ba shi da haɗari. Ɗan gaba ɗan Suwidin ko Finlan da bai iya komawa baya ba, da wuya ya samu riga a gida ma.

Skellefteå, wani gari ne can arewacin Suwidin, a yankin haƙar ma'adinai, kuma ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe na ƙasar shekara shida a jere, daga 2011 zuwa 2016, ta ɗauki kofi a 2013 da 2014. Bellemare yana cikin waɗanda suka ɗauki biyun. Kafin nan ya baro Rouen ta Faransa a 2006, ya yi shekara uku a Leksand, a rukuni na biyu. Masu farautar 'yan wasa daga NHL sun yi ta zirga-zirga a garin a shekarun nan. A bazarar 2014 ɗin ma San Jose ta ɗauke abokin wasansa Melker Karlsson, shi ma ba wanda ya taɓa zaɓarsa, ya kuma je ya buga wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 2016. Sai kuma ga gasar duniya ta 2014 a Minsk, inda a wasan farko Faransa ta doke Kanada da ci 3 da 2 a bugun daga kai sai gola, Cristobal Huet a raga, Bellemare kuma shi ya jefa wadda ta raba gardama. Wata ɗaya bayan haka Ron Hextall, wanda bai daɗe da hawa kujerar manajan Flyers ba, ya ba shi kwantiragi.

A nan ne abin da na fi son a lura da shi yake. Mutumin da ake kira mai tsaro in ya iso Amurka, mafi yawan lokaci a can gida ba haka ake kiransa ba. A kakarsa ta ƙarshe a Suwidin Bellemare ƙwallo 20 ya ci a gasar wasa 55. A kakarsa ta farko a Philadelphia, a gasar wasa 82, shida ya ci. Cikin shekara goma a NHL bai taɓa kai ƙwallo goma a kaka guda ba. Ba wai hannunsa ne ya mutu a jirgi ba. Aikin da aka ba shi ne daban: a sako shi a gaban ragarsu, ya kai faifai can gaba, da zarar ya isa inda ake ci sai a kira shi benci a sako masu ci. Mutum mai shekara 29, zakaran ƙasa sau biyu, wanda ya saba in ana neman ƙwallo a kalle shi, ya yarda ya zama mai share wa wasu hanya. Mai farauta zai iya auna gudu, ya ƙirga sakin faifan da mutum ya ci, ya duba bidiyo har idonsa ya yi ja. Abin da ba ya fitowa a bidiyo shi ne ko mutumin zai haɗiye wannan saukin daraja ba tare da ya maƙale masa a wuya ba.

Ga sauran wahalhalun da kowa ya sani. A ƙaramin fili faifai na isowa ne tare da kafaɗar wani ƙato, ba lokacin ɗaga kai. Kusan wasa 30 sun ƙaru a kan abin da jiki ya saba, wani lokaci yau a wannan birni gobe a wancan, a ratsa nahiya daga gabar gabas zuwa Vancouver. Yawancin waɗanda suka zo daga Turai wajen watan Fabrairu ake gane ƙafafunsu sun yi nauyi.

Abin dariya shi ne, akwai zamanin da in ka ce za ka ɗauko Bature ɗan Turai don aikin ƙarfi, dariya za a yi maka a Kanada. Ulf Sterner, ɗan Suwidin, shi ne na farko da ya tashi a Turai ya buga NHL, a 1965, wasa huɗu kacal ya yi wa New York Rangers ya koma gida. A lokacin dokar ƙasa da ƙasa ba ta yarda a bangaji mutum a yankin ragar abokan hamayya ba, sai a 1969 aka sake ta, don haka ba tsoro ba ne, rashin sabo ne. Amma suna ya riga ya bi su, ana ce wa 'yan Suwidin matsorata. Da Toronto ta ɗauko Börje Salming da Inge Hammarström daga Brynäs a 1973, mai ƙungiyar da kansa, Harold Ballard, ya yi wa Hammarström ba'ar cewa zai iya shiga kusurwar fili da ƙwai a aljihu ya fito ko ɗaya bai fashe ba. Salming, ɗan baya ne shi, shi ya rufe bakin masu wannan magana: shekara 16 ya yi a Toronto ana dukansa yana ramawa, a 1986 ma takalmin wani ɗan wasan Detroit ya tsaga masa fuska bisa kuskure aka yi masa ɗinki sama da 200, ya warke ya dawo fili. Ɗan wasan na Detroit Gerard Gallant ne, a riƙe sunan, zai sake fitowa. Daga baya Sergei Fedorov ya ɗauki kyautar Selke, wadda ake ba ɗan gaban da ya fi kowa tsaro, a 1994 da 1996, Jere Lehtinen ɗan Finlan ya ɗauka sau uku a Dallas, Pavel Datsyuk sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010. A 2007 kuwa sahun Anaheim na Samuel Påhlsson da Rob Niedermayer da Travis Moen ne ya ɗaure Alfredsson da Spezza da Heatley na Ottawa tamau, Anaheim ta ɗauki kofi a wasa biyar, don wasan ƙarshe jerin karawa ne, wanda ya riga cin huɗu shi ne zakara.

Misalin da nake yawan kawowa in gardama ta tashi shi ne na Vegas a 2017. Sabuwar ƙungiya ce fil, ta biya dala miliyan 500 don a ba ta gurbi. Tun a watan Mayu, kafin ta tara 'yan wasa, ta yi babban kamu daga ƙetare: Vadim Shipachyov na SKA ta Saint Petersburg, wanda ya tara maki 76 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasa 50 a gasar KHL ta Rasha, ya kuma ɗauki kofinta, Kofin Gagarin. Shekara biyu, dala miliyan tara. Kowa ya ce ga jagoran sahun farko. A watan Yuni kuma, a zaɓen da aka ba ta damar tsintar mutum ɗaya daga kowace ƙungiya, Philadelphia ta bar Bellemare a fili ba kariya, Vegas ta tsince shi.

Shipachyov wasa uku ya buga, ya ci ƙwallo ɗaya. Aka nemi ya sauka ƙaramar gasa ta AHL, ya ƙi zama, kafin ƙarshen Nuwamba ya tattara ya koma Rasha. Ba na cikin masu zaginsa. Mutum mai shekara 30, tauraro a ƙasarsa, an kira shi da alkawarin babban matsayi, ya iso ya tarar ana ta jujjuya shi saboda lissafin gurabe, in ya yi fushi bai yi abin mamaki ba, kuma ƙungiyar ma tana da nata kason laifin. Sai dai abin da ya faru ya nuna bambancin cinikin biyu. Wanda aka ɗauko don ya ci, in bai samu sahun farko da abokan da suka dace da shi ba, babu wani amfani da za a yi da shi, shi ma ba zai yarda a yi ba. Wanda aka ɗauko don ya hana, duk inda ka ajiye shi aikinsa ɗaya ne. Koci Gerard Gallant, mai takalmin nan na 1986, ya damƙa wa Bellemare sahu na huɗu da mintunan hukunci. Vegas ta ci wasa 51, ta tara maki 109, ta wuce har wasan ƙarshe a kakarta ta farko. A karawar farko da Washington, wadda aka tashi 6 da 4, ƙwallaye ukun ƙarshe na Vegas duk daga sahun Bellemare suka fito: Ryan Reaves ya farke, Tomáš Nosek ya ci biyu. Bayan nan Washington ta ci huɗu a jere ta ɗauke kofin.

Kofin dai bai zo hannunsa ba har ya bar NHL, kuma yadda ya kuɓuce masa karo na biyu akwai ciwo. Ya yi shekara biyu a Colorado, a 2021 ya koma Tampa Bay wadda ta ɗauki kofi sau biyu a jere. A 2022 Tampa ta sake kai wasan ƙarshe, ta tarar da Colorado, Colorado ta doke ta a wasa shida. Ya ƙarasa da kaka ɗaya a Seattle, sannan a 2024, yana da shekara 39, ya koma Turai, wajen Ajoie ta Suwizalan, ƙaramar ƙungiyar da ke fama a ƙasan tebur a lokacin.

Ba kowane irin wannan ciniki ke yin albarka ba, kada a ce na zaɓi mai daɗi na ɓoye saura. Toronto ta ɗauko Pär Lindholm daga Skellefteå ɗin nan a 2018, kafin kaka ta ƙare ta miƙa shi Winnipeg, ya ɗan taɓa Boston, ya koma Turai. Edmonton ta ɗauko Gaëtan Haas daga Bern da Joakim Nygård daga Färjestad a 2019, bayan kaka biyu duk suka koma. Ba su yi abin kunya ba, ba su dai fi waɗanda ke ƙasa suna jira ba. Amma dubi abin da aka yi asara: ɗan kuɗi kaɗan da shekara ɗaya ko biyu. Kwatanta da ƙungiyar da ta ɗaure kanta shekara shida da ɗan wasan da gwiwarsa ta tafi a shekara ta biyu, tana biyansa tana kallo, ba mai saye.

Wani abokina da muke yawan musu a kan wannan, magoyin bayan Edmonton ne na gani kashe ni, hujjarsa ita ce irin wannan ɗauka tana toshe wa matasa hanya. Ya ce ga yaro ɗan shekara 22 a AHL, ƙungiya ta zaɓe shi, ta yi shekara uku tana renonsa, lokacin da ya kamata a gwada shi sai a ɗauko wani ɗan shekara 28 daga Bern a ɗora a kansa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya ga ƙungiyar da ke gini, wadda ba ta sa ran komai a bana. Ita kam gara ta bar yaranta su yi kuskurensu a fili. Inda muke rabuwa shi ne, yawancin yaran nan an zaɓe su ne don suna cin ƙwallo tun suna 'yan 17. Ka ɗauki irin wannan yaro ka ba shi minti tara a dare, ka ce in ya kuskura ya yi yanka a tsakiyar fili zai zauna benci, ba ka koya masa tsaro ba, ka dai kashe masa abin da ya iya. Gara ya zauna a AHL yana buga minti 20, a bar sahu na huɗu ga wanda ya riga ya san kansa. Abokin nawa bai yarda ba, kuma duk lokacin da aka ci Edmonton a minti biyun hukunci ni yake fara turo wa saƙo, kamar ni na sa hannu a kwantiragin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a duk wannan harka shi ne kyautar Selke kanta. An fara ba da ita a 1978, kuma Bob Gainey na Montreal ne ya ɗauki huɗun farko a jere, mutumin da bai taɓa wuce ƙwallo 23 a kaka ba. Guy Carbonneau ya ɗauka sau uku, Michael Peca sau biyu, John Madden a 2001, Kris Draper a 2004, dukkansu mutanen da aikinsu na farko shi ne hana wani ci. Yanzu kuwa in ba ka cikin manyan masu tara maki a ƙungiyarku, ko a lissafi ba a sa ka. Anže Kopitar ɗan Sulobeniya ya ɗauka a 2018 da maki 92. Patrice Bergeron ya ɗauka sau shida, Aleksander Barkov ɗan Finlan ya biyo baya yana tarawa. Ba na musun ƙwarewar ko ɗaya daga cikinsu, Bergeron kam a zamaninsa in yana fili sai ka rantse mutum biyu ne. Amma waɗannan taurari ne da suka haɗa ci da tsaro, suna da wasu kyaututtukan da za su nema, suna da albashin da ya dace da su. Tun bayan Lehtinen a 2003 ma babu ɗan gefe ko ɗaya da ya sake ɗauka, duk 'yan tsakiya ne. 'Yan jaridar hoki ne ke jefa ƙuri'ar, kuma ba na ganin laifinsu sosai: mutum ba zai iya kallon ƙungiya 32 duk dare ba, dole ya leƙa teburin maki, teburin maki kuwa ba ya ƙirga wanda aka sako a gaban ragarsu saura daƙiƙa 50 a tashi. Da ni ake tambaya, da gololi zan miƙa wa ƙuri'ar nan, don su ne ke tsaye a baya suna ganin wanda ya durƙusa wa faifai da wanda ya ɗage ƙafa ya bar shi ya wuce.